Ciwon gwiwa da ƙugu: yadda dattijon da ke zaune shi kaɗai a Legas zai lallaɓa jikinsa

Duk wanda ya san Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ko bayan kasuwar Mile 12 ya san akwai dattawanmu da yawa da tsufa ya riske su a garin nan kuma har yau su ke yi wa kansu komai. Wani tun yana saurayi ya zo ci-rani yana dakon albasa, wani gadi, wani fawa a Oko-Oba, wani canji, iyali suna can Arewa ko kuma yara sun girma kowa ya kama gabansa, ga Hajiyoyi masu tuwo-tuwo da maigida ya rasu suka ci gaba da riƙe ɗakinsu. In ka gaishe su kace ya ƙarfin jiki amsar kusan ɗaya ce, Alhamdulillahi sai dai gwiwar nan, ko sai dai ƙugun nan. Dominsu nake wannan bayanin, da ku 'ya'yansu da maƙwabta masu leƙa su, tunda dai ku ne zaku gani a waya ku karanta musu.

Ciwon da ya haura wata uku, ko yana nan daram ko yana tafiya yana dawowa, shi likitoci ke ɗauka a matsayin daɗaɗɗe. Wanda ya fi yawa a jikin tsofaffi shi ne sanyin ƙashi, guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ne ke zaizayewa a hankali, gaɓar ta sandare da safe, ta riƙa ƙara in an lanƙwasa, hawa bene ya zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum kusan miliyan 528 ke fama da shi, kashi 60 cikin ɗari mata, masu ciwon ƙugu kuwa sun kai miliyan 619 a 2020, kaga kenan ba jifa aka yi wa Baba ba kuma ba sammu bane, shekaru ne da nauyin buhunan da aka ɗauka. Guringuntsin da ya tafi baya dawowa, duk mai motar da ke shela a bakin kasuwa yana cewa kwalba ɗaya zata mayar da gwiwar ɗan shekara 70 sabuwa fil kuɗinku yake so. Amma zafin kam yana raguwa sosai in an bi hanya, kuma abinda ake so a tsare shi ne dattijo ya ci gaba da tashi da kansa, ya shiga bayi da kansa, ya je masallaci ya je wajen neman abincinsa, domin a Ikko in tsoho ya kwanta ba jikoki bane zasu kewaye shi kamar a ƙauye, kuma mai gida ba ya ɗaga kuɗin haya saboda ciwon gwiwa.

Akwai dai ciwon da ba na lallaɓawa bane, wannan asibiti ake nufa a ranar. Gaɓa ɗaya ta kumbura tayi zafi rau ga zazzaɓi, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga cikinta kuma tana iya lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki. Ciwon bayan da ke tada mutum tsakar dare ga rama ga gumin dare ko tari, a duba tarin fuka, don yana kama ƙashin baya ba huhu kaɗai ba. Dattijo mai ciwon ƙugu da fitsari ke masa wuya a duba masa furostet, wato 'yar tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, don kansarsa ƙashi take yawan bi, haka ma mace mai ƙullutu a nono da ciwon baya ya sako ta gaba. In ƙafa ta fara saki, ko tsakanin cinyoyi ya mutu baya jin taɓi, ko fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuwa ba da saninsa ba, jijiya ce ta matse a ƙashin baya, ba a kwana da wannan. Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa, musamman in ƙafar ta ɗan gajarce ta juya waje, a ɗauka ƙashin kwankwaso ne ya karye har sai hoto ya ƙaryata, kar a kira mai tausa dan Allah. Ciwon kafaɗar hagu kuma in ya zo da nauyin ƙirji da gumi da haki, zuciya ce ake tsoro.

Sai wasu biyu da ake yawan haɗawa da sanyin ƙashi alhali maganinsu daban. Wanda yatsun hannayensa duka biyu ke kumbura suna sandarewa sama da awa ɗaya kullum da safe, da wanda babban yatsan ƙafarsa ke tashi dare ɗaya yayi ja ko zani baya so ya taɓa, shi wannan na biyun yana da alaƙa da yawan jan nama da kayan ciki da lemon kwalba, mahautanmu da masu suya su kula. Duka biyun gwajin jini ake yi kuma akwai maganinsu na musamman.

To mu zo inda a ganina aka fi ɓarna, wato kemis. Baba zai je yace jikina ke ciwo a haɗa min, yaron shago ya ɓallo ja da fari da ruwan ɗorawa ya ƙulle a 'yar leda, ba suna ba kwanan wata ba komai, a kora da ruwan leda a tafi aiki, kuma gaskiya yana aiki, shi ya sa ake komawa kullum. Abinda ke cikin haɗin galibi 'yan gida ɗaya ne, diklofenak, ibufurofen, firoksikam wanda aka fi sani da Feldene, wani lokacin har Indocid, sai a ba mutum biyu ko uku a cikinsu lokaci guda, alhali haɗa su baya ƙara sauƙin ciwo illar kawai yake ninkawa. Su ne ke cin ciki su kawo olsa da zubar jini, su ɗaga hawan jini, su tara ruwa a jiki, su gajiyar da ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba sai abu yayi nisa, kuma ƙodar tsoho dama ba kamar ta yaro bace. In yana shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari ko irin su lisinofiril, ko yana shan maganin tsinka jini, haɗarin ya ƙaru. Garin Alabukun da ake sha sosai a nan asfirin ne a cikinsa, shi ma ɗan gidansu ne, kar a ɗora shi kan haɗi. Allurar ciwon jiki da ake zuwa a yi a kemis ma yawanci diklofenak ɗin ce dai, bin ta ɗuwawu bai hana ta isa ƙoda ba. Duk dattijon da bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai yauƙi, ko ƙafafunsa suka fara kumbura, ko yake jin jiri da zafin ƙirji, a tsayar da ƙwayoyin nan a kai shi a auna.

Wanda ya fi bani tsoro ma ita ce 'yar ƙaramar farar ƙwayar nan da ake jefawa a ciki, deksa ko firednisolon, irin wadda wasu mata ke sha don ƙiba. Tana kashe ciwo nan take ta buɗe ciki, fuska ta ciko kumatu su fito har mutane su riƙa cewa kai Alhaji ya murmure, alhali suga na hawa, jini na hawa, ƙashin da ake son a gyara shi ne ke ƙara rauni yana zama mai saurin karyewa. Kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, yana iya faɗuwa rai a hannun Allah, likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Tiramol kuma ban da kamu da yake yi, jiri da taurin bayan gida yake sa tsoho, mai jiri kuma a bayin haya mai santsi kun san ƙarshen zancen.

Me za a sha kenan? A fara da na shafawa. Ga gwiwa da yatsu, diklofenak na shafawa irin su Voltaren yana taimakawa kuma abinda ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na haɗiya. Robb da Aboniki da sauran man zafi suna ɗan ɗauke hankalin jijiya daga ciwon, ba laifi, sai dai ba a shafa kan rauni kuma ba a shafa sannan a ɗora ruwan zafi a kai, fata na ƙonewa. Na haɗiya kuma farasitamol ya fi sauran sauƙin illa duk da ba wani ƙarfi gare shi sosai ba, ƙwaya biyu ta miligiram 500 a lokaci guda, a bar aƙalla awa 6 tsakani, kuma ga dattijo kar ya wuce sau uku a yini, wato ƙwaya shida, don yawansa hanta yake taɓawa, a kuma tuna maganin mura da yawa akwai farasitamol a ciki sai a lissafa dashi. In ciwon ya tashi sosai har sai an sha mai ƙarfin, likita ya rubuta guda ɗaya, na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci, sau da yawa ma tare da maganin kare ciki. Da azumi a ƙara kiyayewa, a sha diklofenak da sahur a wuni cikin zafin Legas ba ruwa, wannan zaluntar ƙoda ne. Allurar cikin gaɓa kuma tana da amfani wani lokacin amma likitan ƙashi ke yinta, ba a yawaita ta, kuma ba aikin mai kemis bane ko kusa.

Yanzu maganar da dattawa basa son ji. Maganin da ya fi kowanne tasiri a wannan ciwon motsi ne. Mu a al'adance da an ce tsoho na ciwo sai a ce ya huta, a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa komai har buta, ana ganin biyayya ce, kuma niyyar mai kyau ce, amma sati biyu na kwanciya ya isa naman cinyar tsoho ya zube, naman cinyar nan kuwa shi ke tallafe gwiwa, da ya tafi duk nauyin sai ya koma kan ƙashin. Gaɓa kamar keken ɗinki take a damunar Legas, in ana taka shi yana tafiya, in aka rufe aka ajiye tsatsa ce zata cinye shi.

Ba sai an je wani wajen motsa jiki ba, kujera ɗaya mai ƙarfi ta isa, a jingina ta da bango kar ta zame. Ya zauna ya tashi a hankali, ya sake zama ya sake tashi, da farko yana dafa hannun kujerar, in ƙarfi ya zo ya daina dafawa, sau biyar in shi zai iya, a riƙa ƙarawa har goma. Yana zaune ya miƙar da ƙafa ɗaya sak ya riƙe ta gwargwadon Subhanallahi biyar sannan ya sauke, sau goma kowace ƙafa, carbinsa ma ya ishe shi lissafi. A kwance rigingine ya lanƙwasa gwiwa ɗaya, ɗayar a miƙe ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga katifa ya riƙe ya sauke. Mai ciwon ƙugu ya lanƙwasa gwiwoyin duka biyu tafin ƙafa a ƙasa ya ɗaga ɗuwawunsa sama kaɗan ya riƙe, sannan ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a hankali. Ya tsaya ya dafa bango ya ɗaga dunduniya yayi ɗage ya sauka, wannan na hana faɗuwa. Mai kafaɗa ya fuskanci bango yatsunsa su riƙa hawa sama har inda zai iya jurewa. A ɗaura abin da lokacin salla don kar a manta, bayan Asuba da bayan La'asar misali, minti goma ya wadatar. Zai ɗan ji ciwo yana yi, wannan ba komai bane ba wani abu ke lalacewa ba, amma in ciwon ya ƙaru ya kwana ya wuni ko gwiwar ta kumbura to an yi yawa, a rage rabi, kar a daina gaba ɗaya. Kuma a faɗa masa gaskiya tun farko, sai an yi wajen sati shida zuwa takwas kafin a ga bambanci, in ba haka ba kwana uku zai yi yace wannan abin na yara ne ya koma wajen mai haɗi.

Tafiya ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba tsofaffi shawarar aƙalla minti 150 na motsi a sati, wato kamar rabin awa sau biyar, kuma ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba, minti goma sau uku ma lissafi ne. Lokacin da ya fi daɗi a garin nan bayan Asuba ne kafin danfo da keke su cika titi, ko ya zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa yaje Azahar. Ranar da jiki yayi daɗi kar a ce bari a rama a wanke kayan sati guda a share ɗaki a je kasuwa duk rana ɗaya, shi ke jawo kwanciyar kwana uku, a rarraba aikin. Masu gadi da ke kwana kan benci da masu zaman shago ko canji, duk rabin awa a miƙe a ɗan taka, kuma a nemi kujera mai jingina, zaman benci ba majingini har asuba yana gama ƙugu.

Sanda ba abin kunya bace, dama ado ce ga dattijo. A riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, wato in gwiwar dama ke ciwo sanda a hagu, mutane da yawa suna juya wannan. Tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu in mutum na tsaye hannunsa a sake, a sa mata roba a ƙasa saboda tayil. Wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wajen sauka mai ciwon ke fara sauka tare da sandar.

Sai ɗaki, wanda nan ne kuɗi kaɗan ke aiki mai yawa. Katifa a ƙasa tana wahalar da mai gwiwa, a samu kafinta ya buga gado daidai tsayin gwiwa ta yadda in ya zauna ƙafarsa na taka ƙasa kuma zai miƙe ba sai an ja shi ba. Bayin tsugunno shi ne babban abokin gaba, kuma a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna ba ka isa ka fasa bayin mutane ba, to akwai kujera mai rami da ake saidawa a shagunan kayan asibiti, ana ɗora ta kan ramin a ɗauke in an gama, ko a huda kujerar roba mai ƙarfi, in mai gida ya yarda a kafa ƙarfen dafawa a bango. Wanka a zaune kan kujera, da silifas mai kama ƙasa ba wanda ya suɗe ba. Da dare a ajiye fo ko bokiti mai murfi a ɗaki, da tocila kusa da filo, don yawancin faɗuwar tsoho a hanyar fitsarin dare ne an ɗauke wuta ga gansakuka a tsakar gida. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce cif, ba kayan ɗan shekara 70 bane, a yi ciniki da mai ruwa ya riƙa shigo da ita har ɗaki ya juye a bokiti, dama galibi yaranmu ne. Su Hajiya kuma a ɗora risho ko gas kan tebur, a yi wanki kan benci ba a duƙe ba, a sa wa tsintsiya doguwar sanda, gajeriyar tsintsiyar nan ta karya ƙugun mata ba adadi.

Gashi da ruwan ɗumi yana sassauta gaɓar da ta sandare, tawul a ruwa mai ɗumi minti 15 zuwa 20, da safe ya fi amfani. In gwiwar ta kumbura bayan wahala kuma sanyi ake so, ruwan leda mai ƙanƙara a naɗe cikin tsumma. Mai ciwon suga ya bari wani ya taɓa masa ruwan tukuna don ƙafarsa bata cika jin zafi ba, yana iya salewa bai sani ba.

Maganar salla tana damun dattawa fiye da yadda muke zato, wani zai gwammace ya sha azaba a sujada da zaman tahiya da a gan shi kan kujera a ƙarshen sahu. A tuna masa hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari, Annabi (SAW) yace masa kayi salla a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a kan gefenka. Wanda yake iya tsayuwa da ruku'u amma sujada ce ta gagara sai ya tsaya ɗin ya zauna inda ya gagara, ya tambayi limaminsu yadda zai yi, in daga bakin liman maganar ta fito ya fi karɓa a kan daga bakin ɗansa. Wajen alwala ma a samu mazauni mai ɗan tsayi, a kuma lura da santsin wajen, darduma mai kauri tana rage wa gwiwa.

Titin Legas ba a yi shi don tsofaffi ba, wannan kowa ya sani. Gadar sama ta masu ƙafa a Oshodi ko Ojota ko Ketu doguwa ce, amma gara ya hau a hankali yana hutawa yana riƙe da ƙarfe da ya ce zai tsallaka babban titi da gudun da ba shi da shi. Danfo kujerarsa ƙasa-ƙasa ce ga matsi ga kwandasta na azalzala a sauka mota bata gama tsayawa ba, inda manyan bas-bas na BRT ke bi ya fi masa, kuma mutanen Agege yanzu ga jirgin ƙasa na jan layi da ke bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo. Okada dama an hana a manyan sassan gari tun 2022, inda take bi ɗin ma jijjigarta ba ta mai ciwon ƙugu bace. Ranar ruwa in layi ya cika ba a ganin bakin kwata, a haƙura da fitar.

Na gargajiya kuma ni bana cewa a watsar duka. Tausa mai sauƙi da man kaɗanya ko man zaitun tana da daɗi kuma tana sa wani ya zo ya zauna da tsohon, wanda shi kansa magani ne. Citta da kurkum a shayi ko miya ba matsala. Ƙaho ko hijama in zai yi, wanzami ya ɓare sabuwar reza a gabansa saboda ciwon hanta da sauransu, kuma mai suga da mai shan maganin tsinka jini su bari sai sun tambayi likita. Abinda nake ƙi shi ne jiƙon kwalba da ba suna ba lambar NAFDAC, da agbo, jiƙon Yarabawa, da ake yawo da shi a tasha wanda wani da barasa aka jiƙa shi, ana kuma samun masu niƙa ƙwayar Bature su zuba a ciki don a ce maganinsu na ci. Tsaga da lalas a kan gwiwa tabo da gyambo kawai suke bari, maɗori kuma ba shi da abin ɗorawa a sanyin ƙashi tunda ba abinda ya karye.

Mai ƙiba ya sani duk kilo ɗaya da ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, saboda haka ko kilo biyar aka rage ana ji a jiki. A rage lemon kwalba da sugan shayi da malmalar dare. Amma da yawa cikin masu zama su kaɗai matsalarsu akasin haka ce, shayi da burodin Agege safe da dare, ba abin gina jiki, nama na zubewa. Wake, ƙwai, kifi, nono ko kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale da ugu, su ake so, da ɗan shan hantsi musamman ga matan da basa fita, don ƙashin mace na saurin yin rauni bayan al'ada ta ɗauke. Goro da shayi mai kauri bayan Magariba suna hana barci, wanda bai yi barci ba kuma ciwonsa ninkuwa yake washegari, haka ma mai damuwa da kaɗaici.

Ku da kuke Kano ko Sakkwato ko Saudiyya kuna turo kuɗi, kuɗin da aka tura wa Baba hannu da hannu a kemis yake ƙarewa ko ya raba wa jikokin maƙwabta. Ku samu mutum ɗaya amintacce a layin, ɗan ɗakinsa ko ladan ko maƙwabciya, ku riƙa biyan abu da sunansa, mai ruwa na wata, kujerar bayi, gwajin ƙoda. Shi wannan mutumin ya riƙe makullin ɗaki na biyu, kuma a yi yarjejeniya in ba a ga Baba a Asuba ba a ƙwanƙwasa. Waya ta kwana kusa da shi inda ko a ƙasa yake zai iya miƙa hannu, da caji da kati, lambar gaggawa ta jihar Legas 112 ce ko 767. In kun kira kar ku tsaya a ya jiki, zai ce da sauƙi ko yana mutuwa, ku ce Baba yau kun samu zuwa masallaci, me kuka ci, wane magani kuka sha, a nan gaskiya ke fitowa.

Asibiti kuma a fara da na kusa, ƙaramin asibitin unguwa ko Janar irin na Orile Agege ko Gbagada, su zasu rubuta takardar turawa in abin ya fi ƙarfinsu. Asibitin ƙashi na Igbobi da ke kan titin Ikorodu shi ne takwaran na Dala a Kano, ga asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba a tsakiyar mutanenmu, ga na jiha LASUTH a Ikeja, dukkansu akwai sashen gashin ƙashi, kuma ku roƙi likita ya tura shi can don su ne zasu duba jikinsa su tsara masa motsin da ya dace da shi. A tambaya game da inshorar jiha ta Ilera Eko tun kafin ciwo ya tsananta, a kuma ji abinda take biya da wanda bata biya. Ranar zuwa a fita da sassafe, a tafi da wanda ke jin Turanci ko Yarbanci ko buroka, a kwashe duk magungunan da ke ɗakin a leda har da haɗin da jiƙon a nuna wa likita ba ɓoye-ɓoye, a nemi a auna jini da suga da ƙoda. In an yi hoto aka ce gwiwa ta cinye kar hankali ya tashi, akwai mai mummunan hoto yana yawonsa akwai mai hoto da dama-dama yana kuka, yadda mutum ke tafiya da barci likita ya fi dubawa. Aikin canjin gwiwa ko kwankwaso ana yinsa a Igbobi kuma yana tayar da wanda ya zauna, sai dai kuɗi ne masu nauyi kuma ana zuwa gare shi ne bayan sauran hanyoyin sun gaza.

In kuma tafiya gida ta kama, Sallah ko biki ko rasuwa, Legas zuwa Kano a mota wuni ne da kwana, a biya masa kujerar gaba ko ta bakin hanya inda zai miƙe ƙafa, ba saman tirela kan buhuna ba, duk inda aka tsaya salla ko shan mai ya sauko ya taka, yana zaune ma ya riƙa motsa idon sawu, ya sha ruwa kar ya ƙi sha don gudun fitsari, maganinsa da sandarsa kuma su kasance a hannunsa ba cikin but ba.